Sun ce in riƙe zumunta a Jidda, alhali iyalina suna Malumfashi

Zuwa ga Baba Rabaran, mai shirin ba da shawara,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara, da abokan aikinka na gidan rediyo. Shirinka yana iso mu nan Saudiyya, wani ɗan'uwa ne ke turo mana shi a WhatsApp duk mako. Idan za ka karanta wasiƙar nan a shirin, don Allah ka sakaya sunana.

Ni Bahaushe ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, a ikkilisiyar ECWA na tashi, a nan aka yi mini baftisma. Ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Jidda. Kamar yadda ka sani, Baba, babu ginin majami'a ko ɗaya a ƙasar nan, ba a kuma yarda mu yi sujada a fili ba. A falon wani ɗan'uwa muke haɗuwa ranar Jumma'a da safe, don a nan Lahadi ranar aiki ce kamar Litinin. Muna shigowa ɗaya-ɗaya, kowa ya ɗauki takalminsa ya shiga da shi ciki don kada su taru a bakin ƙofa. Waƙa ƙasa-ƙasa muke yi, ba ganga ba tafi. Akwai direbobi a cikinmu, da ma'aikatan jinya, da mata masu aikin gida, daga Kaduna da Filato da Gwambe, har da mutanen Maraɗi. Hausa ce ta haɗa mu.

Dattijon da ke riƙe da mu ya yi karatun fasto a Kagoro kafin neman abinci ya kawo shi nan. Yanzu kwantiraginsa ya ƙare, an buga masa fita ta ƙarshe, wata mai zuwa zai koma gida. Da aka zauna maganar wanda zai gaje shi, sai 'yan'uwa suka ce ni. Shi ma ya ce ni ne a ransa tun da daɗewa. Na roƙe su su ba ni lokaci.

Na zauna da 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9 ina auna kaina. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kusan dukan sharuɗɗan da Manzo Bulus ya jera na hali ne, iya koyarwa kaɗai ya shafi gwaninta. Matata ɗaya ce. Ba na shan giya, ba ni da saurin hannu, ɗakina kuma bai taɓa ƙin baƙo ba. Ko shaidar waɗanda suke waje, ina jin ban rasa ta ba, don abokan aikina Hausawa Musulmi da aka haifa a nan, ni suke ba ajiyar kuɗin adashinsu, sun kuma san ni Kirista ne. Amma da na kai aya ta 4 da ta 5, inda aka ce mutum ya iya mulkin gidansa, 'ya'yansa suna yi masa biyayya, domin wanda bai iya da gidansa ba yaya zai kula da ikkilisiyar Allah, sai na rufe littafin na kasa ci gaba.

Baba, wane gida nake mulki? Matata da yaranmu huɗu suna can, ni ina nan. Aikin da nake yi bai kai a ba ni izinin kawo iyali ba. Ta waya nake addu'a da su, in na tashi aiki ƙarfe goma na dare, su can takwas ta yi. Babban ɗana ya daina zuwa makaranta, ya faɗa cikin 'yan shan ƙwaya da maganin tari, majami'a kuwa ya manta hanyarta. Uwarsa ta sha kira na tana kuka, ta miƙa masa waya ya ƙi karɓa. Kwanaki buhun masarar da ta ajiye na shuka ya ɗauka ya sayar. Titus 1:6 kuwa bai ɓoye ba, ya ce kada 'ya'yan dattijo su zama waɗanda ake zargi da lalata ko kangara.

Abin da ke ci mini rai shi ne, saboda su na fito. 1 Timoti 5:8 ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar ba da gaskiya muni. Riyal ɗin da nake turawa ne ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa da maganin tsohuwata. To na cika wannan aya na faɗi a waccan ke nan? Nakan tuna Eli firist, wanda Allah ya hukunta domin bai tsawata wa 'ya'yansa har ya hana su ba. Sai kuma in tuna Sama'ila, shi ma 'ya'yansa sun karɓi rashawa sun karkatar da shari'a, amma ban ga inda Allah ya ƙi Sama'ila saboda haka ba. Ka taimake ni, Baba. Laifin yaron ne ke cire uba daga cancanta, ko kuwa sakacin uban? Kuma nisan da na yi da su, sakaci ne a gaban Allah?

Sai maganar karatu. Sakandare na gama, na koyi sana'a, na kuma koyar a makarantar Lahadi a gida. Iyakar abin ke nan. Masu zama fasto a wurinmu sukan tafi Kagoro, ko Tofa kusa da Kano, ko JETS a Jos, su yi shekaru, a tura su aiki, a gwada su, sannan a ba su lasin, daga baya a keɓe su. Wani ɗan'uwa ya ce mini ai Bitrus da Yahaya ma an ce da su marasa ilimi a Ayyukan Manzanni 4:13. Na ce masa ƙarshen ayar ya nuna sun zauna tare da Yesu, zaman nan kuwa makaranta ce. Afolos da dukan iya bakinsa, sai da Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah. Ni wa zai ja ni gefe in dattijon nan ya tafi? Yakubu 3:1 yana tsorata ni, inda ya ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani. Shin akwai karatun da mutum zai yi daga nesa da Hausa, yana riƙe da aikinsa, wanda ikkilisiya za ta amince da shi?

Dattijon ya ce zai ɗora mini hannu a gaban jama'a kafin ya tafi, kamar yadda Bulus da Barnaba suka naɗa dattawa a kowace ikkilisiya. Amma a gida ba kowa ke ba da Jibin Ubangiji ko ya yi baftisma ba. Muna da wata 'yar'uwa da ta gama ajin baftisma tana jira. Ɗora hannun mutum ɗaya ya isa, ko sai na rubuta wa fastona na gida da shugabannin gundumarmu na nemi yardarsu?

Da ƙin karɓa zai raba ni da damuwa, da tuni na ƙi. Amma in na ƙi, wani saurayi ne zai ɗauka. Yana da zafin bangaskiya da baiwar magana, ina kuma ƙaunarsa, sai dai bai daɗe da tuba ba, wa'azinsa duk daga masu bidiyo yake kwasowa, kullum maganar shuka iri, wato ba da kuɗi don a sami buɗi. Mata masu aikin gida da albashinsu bai taka kara ya karya ba su ne za su fi jin jiki. Ga shi da son ɗaukar hoto da waya, abin da zai iya jawo wa mai gidan da ke karɓarmu kora daga ƙasar. Gaba kura, baya siyaki.

Na gaya wa matata. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba za ta tsaya tsakanina da Allah ba, amma ta san in na karɓa, dawowar da na yi alkawari baɗi ta sha ruwa, yaron nan kuma ubansa yake bukata. Ban sami abin da zan ce mata ba.

Baba, in karɓa na ɗan lokaci a matsayin mai jagorar karatu da addu'a kawai, in bar Jibi da baftisma? Ko in haɗa kayana in koma in riƙe ɗana, in bar zumuntar a hannun Mai ita? Ka faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Ina roƙon amsa kafin dattijon ya tashi. Ku kuma sa yaron nan cikin addu'a, kai da masu sauraro.

Naka cikin Ubangiji,
Ɗanka daga Jidda