Rahoton Kwamitin Ginin Ɗakin Hatsi na Tunawa da Iya

Zuwa ga Fada, Katekis, dattawan coci, Zumuntar Mata Katolika, da 'ya'yan ƙauyen nan da ke zaune a Kano, Kaduna, Abuja da sauran garuruwa. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Aikin da kuka ɗora mana ya kammala. Ɗakin hatsi yana nan tsaye a bayan coci, an rufe shi, an sa ƙofa, Fada ya yi masa addu'a ya yayyafa ruwan albarka, buhunan farko kuma sun shiga.

Da yawa daga cikin waɗanda suka aiko da gudummawa daga birni sun tambaye mu me ya sa ɗakin hatsi, don da farko ba shi aka yi niyya ba. Bayan jana'izar Iya a sanyin ƙarshen 2023, 'ya'yanta sun so a gina kabarinta a lulluɓe shi da tayil, wasu matasa kuma suka kawo shawarar a sayo ƙararrawa. Matan zumunta ne suka ce a dakata. Shugabarsu ta tashi a taro ta tambaya ko akwai gida a ƙauyen nan da bai taɓa cin hatsin rumbun Iya ba. Babu wanda ya ɗaga hannu. Babban ɗanta ya ce to shi ke nan, iyayenmu mata sun yanke, kabari a yi masa siminti da gicciye kawai, sauran kuɗin ya tafi inda suka ce.

Yaranmu da aka haifa a birni sun san Iya a matsayin tsohuwar da ke zama a bencin gaba da rosari a hannu. Ya kamata su san fiye da haka. A gidan Maguzawa aka haife ta, a nan ƙasar Malumfashi, kuma da aurenta da goyonta ta shiga koyon katekisim, zamanin da Fadan Dominikan daga Amurka ke kula da wannan yanki ƙarƙashin Sakkwato. Karatun boko ba ta yi ba, addu'o'in duka da ka ta riƙe su. Da safe tana gandu tare da maigidanta, da yamma tana gayaunarta, inda take shuka dawa da wake da gyaɗa da ɗan kuɓewa a gefe. Ta haihu da yawa, ta binne wasu tun suna ƙanana, ta yi wa sauran tarbiyya, ta haɗa da na 'yan'uwa da na maƙwabta. Ta rayu har ta ji labarin an cire Katsina daga Sakkwato an ba ta nata bishop, Gerald Mamman Musa, a 2023. Murnar da ta yi ran nan ba ta misaltuwa.

Farin 1973 shi ne ya canza mata hali game da abinci, kuma ta sha ba matan zumunta labarinsa. Tun daga lokacin, abin da ta noma a gayauna ba ya zuwa kasuwa da kaka, komai tsadar da ya yi. Tana da ƙaramin rumbu kusa da ɗakinta, ba ta buɗe shi sai Yuli da Agusta, lokacin da hatsin bara ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ga noma ya kankama. Mace za ta shigo bayan magariba da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, Iya ta auna mata mudu har ya yi tsororo, ba ta tambayar wane coci ko wane masallaci. In kaka ta yi a dawo mata da mudu a kan mudu. Wadda ba ta samu ba kuma, ba a taɓa jin Iya ta aika gidanta ba.

An fara haƙa harsashi da ranin 2024. Lokacin bai yi mana daɗi ba ta wajen kuɗi: tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, siminti kuma ya yi tashin gwauron zabo a farkon 2024, har lissafin da magini ya ba mu ya zama ba shi da amfani kafin a kai linta. Dole muka rage. Ɗaki biyu aka zana, ɗaya aka gina, da rumfa a gabansa inda za a riƙa awo. Haƙa, ɗibar yashi daga rafi da ɗaukar ruwa duk gayya aka yi. Matasa suka kawo amalanken shanu, mata suka yi ta jigilar ruwa da dafa wa ma'aikata. Maginin Musulmi ne daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, ya yafe wani ɓangare na ladansa, ya ce mahaifiyarsa ma ta san ƙofar rumbun nan.

Bulon farko da muka saya a wani wuri bai yi ƙwari ba, da ka ɗaga shi sai gefen ya marmashe a hannu. Mun mayar, an yi 'yar jayayya, daga baya muka sayi siminti muka buga namu a filin coci, aka yi ta ba shi ruwa safe da yamma har ya kama.

Inda kwamiti ya ƙi yarda a yi tsimi shi ne ƙasan ɗakin da rufinsa, don ɗakin hatsi abokan gabansa huɗu ne: laima, gara, ɓera da ƙwaro. An ɗaga daɓen sama da ƙasar waje sosai, an zuba maganin gara a ramin harsashi, an shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare. Buhu ba zai taɓa ƙasa ko bango ba, kafinta ya yi mana katakon ɗorawa. Tagogin ƙanana ne, can sama dab da rufi, an sa musu raga, iska ta wuce tsuntsu da ɓera su tsaya a waje. Ƙofar ta ƙarfe ce, kuma sai da muka sa mai walda ya sake ta saboda ya bar rata a ƙasa da ɗan ɓera zai iya bi. Katakon rufi kuwa an ɗaure shi da langalanga a jikin linta. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye kwano a yankin nan ya san dalili.

Wake shi ne mai wuyar ajiya. Mun sayi buhunan PICS, masu leda biyu a ciki da buhu a waje, ana ɗaure kowanne dabam. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗin kawai shi ne wake ya bushe ƙayau kafin a zuba, kuma kada a huda ledar. Matan zumunta sun koyi ɗaurin, su ne za su riƙa dubawa.

Wasu dattawa sun nuna damuwa cewa tara hatsi wuri ɗaya a irin wannan zamani na rashin tsaro kiran ɓarayi ne. Maganarsu tana kan hanya, ba mu raina ta ba. Shi ya sa aka gina ɗakin kusa da gidan Katekis, aka kuma sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. Ra'ayin kwamiti shi ne haɗarin yunwar Agusta ya fi kusa da gwauraye da marayunmu.

An karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a bayan Misa, an manna kwafi a allon sanarwa, wanda ke nesa kuma ya nema a wurin ma'aji za a tura masa ta WhatsApp. Ba a bin kwamiti bashi. Abin da ya ɗan rage an sayi dawa da shi, aka haɗa da damman da aka kawo ranar godiyar kaka.

Ga yadda taro ya amince a tafiyar da ɗakin. Makullai biyu ne, ɗaya a hannun shugabar zumunta, ɗaya a hannun Katekis, ba a buɗewa sai su biyun suna nan. Za a fara bayarwa a Yuli, a dawo da shi da kaka, mudu a kan mudu ba ƙari. An daɗe ana muhawara a kan rubuta suna, don Iya ba ta taɓa rubutawa ba, amma hatsin yanzu na jama'a ne, dole a san inda ya tafi. Aka tsaya a kan cewa littafin zai zauna a hannun shugabar zumunta, ba za a karanta sunan kowa a coci ba.

Saura fenti na waje da magudanar ruwa a bayan ɗakin, wadda muke so a yi kafin ruwa ya sauka. Matasa sun ɗauki nauyin haƙa ta. Da wannan kwamitin gini ya miƙa makullai da littafin lissafi ga Zumuntar Mata.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gini