Maganar ƙaninka da karatun ƙwaƙwalwa

Salamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri na kwana biyu ban amsa maka ba, sanyin Jamus ne ya sa ni gaba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu kamar an idar da isha'i.

Ƙanin nan naka da ka ce ya gama digirin lissafi yana ta ƙunƙuni wai da likitanci ya karanta tunda ƙwaƙwalwa yake so, ka ce masa in ji ni ya bar da-na-sanin nan. Ni ɗin nan da gwaggo ke aikowa a tambaye ni maganin ciwon kai tun da ta ji ana ce min dakta, wallahi ban taɓa riƙe allura ba. Da lissafi nake nazarin ƙwaƙwalwa, allo da alli da kwamfuta ne kayan aikina, kuma a ofis ɗinmu yawancinmu daga fiziks muka fito ko lissafi ko injiniya. Dama can haka fannin ya taso. A 1952 Hodgkin da Huxley a Ingila suka rubuta lissafin yadda saƙon lantarki ke gudu a jijiya, da injin lissafi na juyawa da hannu Huxley ya warware shi, har yau da shi ake fara koya wa ɗalibai.

Wanda ya ja ni ciki dai Hopfield ne, shi ma ɗan fiziks, da aikinsa na 1982. Ka tuna lokacin hadda, in ka kakare Malam ya ɗago maka kalma biyu na farkon aya sai sauran ta zubo da kanta? To wannan ne Hopfield ya sa a lissafi. Abin da ka haddace ba a ƙwayar halitta ɗaya ta ƙwaƙwalwa yake zaune ba, yana cikin ƙarfin haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin, in aka ba su guntu sai su gangara zuwa cikakken kamar yadda ruwa ke neman kwari. Abin da ya fi ba ni dariya, in ka cika wa tsarin nasa kaya, wajen abu 14 a kan kowace ƙwaya 100, sai ya fara cakuɗa su, sak yadda muke tsallakawa wata sura in ayoyi suka yi kama, mu sha bulala. A 2024 aka ba shi kyautar Nobel yana da shekara 91, shi da Hinton masanin AI.

Ni nawa aikin kan barci ne. Tun 1994 aka gano ɓera in ya bi hanya da rana, da ya kwanta ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa da suka yi aiki tare sai su sake tashi tare, tilawa dai yake yi a barci. Ina neman lissafin da zai nuna yadda ake zaɓar abin da za a maimaita.

Amma fa kar ka ɓoye masa wahalar. Bayan digirin dakta sai kwantiragin shekara biyu ko uku, ya ƙare ka tattara iyali ku koma wata ƙasa, a sake neman biza a sake wa yara makaranta, kujerar dindindin kaɗan ce masu nema kamar ƙasa, shi ya sa da yawa suke gudu kamfanonin AI inda kuɗin yake. Watan jiya sati uku na yi ina fama da sakamakon banza, ashe alamar ragi ɗaya na manta a layi ɗaya.

In ya ji duk wannan bai karaya ba, ya kama Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, yanzu, ya koma kan aljabara da kalkulas ya goge su sosai. Darussan Neuromatch na nazarin ƙwaƙwalwa da lissafi suna intanet kyauta, akwai makarantar Imbizo da ake yi a Cape Town don 'yan Afirka irinsa, AIMS kuma, wato cibiyar lissafi ta Afirka, suna ba da mastas da tallafi a Ghana da Kamaru da Senegal da Rwanda. Laftof da data sun ishe shi farawa, wutar kuma ku san yadda za ku yi da ita.

Ka ba shi lambata ya kira ni ran Lahadi bayan la'asar. In an samu mai tahowa a aiko min da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun kafin sallah. A gaida Hajiya da madam.

Naka