Dan Allah a rika fada mana abin da aka auna

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina rokon dan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya dade yana cina a rai, wato yadda ake auna marar lafiya a rubuta a kati amma shi kanshi bai san me aka gani a jikinshi ba.

Shekara biyu kenan ina jinyar mahaifiyata a nan Rigasa tunda ta samu shanyewar barin jiki. Kafin ta fadi ta sha zuwa wani karamin asibiti, a daura mata abin awo a dantse, nas ta rubuta tace "Mama jininki ya dan hau, a rage gishiri", shikenan sai a kira na gaba. Sai bayan abin ya faru na dauko katin na ga 170/100, 180/105 a jere, wallahi da na san ma'anar lambobin nan da ban yarda ta ajiye magani ba don kawai tace kanta ya daina ciwo, ashe hawan jini yana iya zama a jikin mutum shekaru ba ciwon kai ba jiri ba komai.

Yanzu dole ta sa na koya. Lambar sama karfin jini ne lokacin da zuciya ta harba, ta kasa kuma lokacin da ta dan saki. Wajen 120/80 lafiya lau ne, amma in ana ta samun 140/90 ko fiye a ranaku daban daban to hawan jini ne, a ga likita. Shi kanshi awon yana da ka'ida, mutum ya zauna kamar minti 5 ya huta, ya jingina bayanshi, hannu a kan tebur daidai kirji, ba surutu, kuma kada ya zama yanzu ya gama cin goro ko shan taba. Amma je ka kemis ka gani, mutum ya sauko daga keke napep cikin rana yana haki, nan take a daura masa a kan hannun riga yana ta amsa waya, ina wannan lamba zata zama gaskiya? Mata masu ciki kuma abin ya fi tsanani, in awo ya kai 140/90 ga ciwon kai ga kumburin fuska ko ido yana ganin dishi dishi, wannan hanyar jijjiga ce, ba a kwana da ita a gida.

Zafin jiki kuwa mun saba da dora tafin hannu a goshi muce "akwai dan zazzabi", alhali tamomita, abin auna zafin jiki, bata da tsada, 37 daidai ne, 38 zuwa sama zazzabi, jaririn da bai kai wata 3 ba in ya kai 38 asibiti kai tsaye. Bugun zuciyar babba in yana hutawa 60 zuwa 100 a minti, yatsu biyu zaka dora a wuyan hannu.

Wanda ya fi damuna shine numfashi, don shi ko sisi ba a kashewa sai agogon waya, amma ba wanda yake koya wa iyaye mata. Babba yana yin 12 zuwa 20 a minti. Yaro mai tari, musamman in hunturu ya shigo da kurar nan tamu ta Kaduna, uwa ta bari ya natsu ba yana kuka ba, ta daga rigarshi ta kirga dagawar kirji minti daya cur. Hukumar Lafiya ta Duniya tace daga wata 2 zuwa kasa da shekara 1 in ya kai 50, ko dan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, alamar nimoniya ce wato ciwon huhu, balle a ga kasan kirjin yana lobawa ciki in ya ja numfashi. Uwa nawa ce take zaune tana shafa man zafi tana jiran gari ya waye?

Na san ma'aikatan lafiya suna fama, nas daya ga layi har bakin kofa, Allah ya saka masu da alheri. Rokona dai su rika furta lambar da baki, "Baba yau 150 bisa 95 ne, ya wuce kima", ko dakika goma ba zai ci ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha kuma ta taimaka ta manna wadannan lambobi da Hausar boko da ajami a dakunan awo da kemis kemis, gidajen rediyonmu su ma su rika maimaitawa, don tsofaffinmu rediyo suke ji.

Naku,
Mai karatu daga Rigasa, Kaduna