Gudawar yara: a duba tsakanin masai da rijiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana kan abin da ke mayar da yara asibiti bayan an sallame su. Yaro ya yi gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, ya warware, kafin wata ya zagayo ta sake dawowa. Maganin ya yi aikinsa, amma ruwan da ya koma sha yana nan yadda yake.

Tun a 1854 likita John Snow ya gano cewa kwalarar da ta ɓarke a wata unguwa ta Landan daga famfo guda take fitowa. Har yau hanyar ita ce dai: kashi ya shiga ruwa, ruwa ya shiga ciki. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, ƙasan ramin kuma ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A unguwar da gidaje suka cushe, ina mai haya zai samo wannan tazara? Da damina ruwan ƙasa ya taso, ramin ya cika, ƙazanta ta tsiyaya cikin rijiyar maƙwabci.

Ko ruwan ya fito da tsabta, sau da yawa a gida yake lalacewa. Mazubi mai faɗin baki, kofi ɗaya da kowa ke tsomawa har da yatsu, shi ke nan an gurɓata shi. A zuba a mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayowa. Idan za a sa kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a fara tace ruwan, domin laka na cinye ƙarfin maganin, sannan a jira minti 30 kafin a sha. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, sai dai tana cin makamashi, kuma gidan da ke lissafin abincin dare ba zai tafasa ruwa kullum ba. Nisa ma haka: idan zuwa ɗiban ruwa da dawowa ya wuce rabin awa, ruwan da ake ɗebowa na raguwa, kuma wanke hannu ne farkon abin da ake yafewa.

Abin da ya fi damun mu shi ne gudawar da ke maimaituwa cikin kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Hanji ba ya tsotse abinci yadda ya kamata, yaro ya tsumbure, kuma da wuya ya cike giɓin daga baya.

Muna kira ga hukumomi su riƙa gwada ruwan rijiyoyi kafin damina da tsakiyarta, su tanadi motocin kwashe masai a farashin da talaka zai iya, kuma kada a amince da taswirar gini sai an nuna inda masai da rijiya za su zauna.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar al'umma