Wasiƙa daga bakin tekun Durban

Durban, Afirka ta Kudu

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe min da Hajiya da uwargida da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewar gida.

Na ga saƙonka cewa a nan za a yi taron da ofishinku zai turo ka, kuma kana son ka ƙara 'yan kwanaki ka ga gari. Da ta waya zan ba ka amsa, amma na san halin Zage-zagi, kafin in kai aya ka katse ni da gardama. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta bakinka alaikum.

Tun da ka ce cikin watan Yuli ne, ka taki sa'a. Lokutan nan a juye suke da namu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake ruwa da zafi, zafi mai laima wanda ko daga wanka ka fito sai riga ta manne maka a baya. Yuni da Yuli kuwa sanyi ne marar cizo, sama garau, rigar sanyi ɗaya ta ishe ka da dare. Ruwan tekun ma ba ya sanyi sosai, saboda wata igiyar ruwan ɗumi da ake kira Agulhas tana gangarowa daga wajen Mozambik ta bi gaɓar nan. Shi ya sa ake wanka a teku duk shekara, ba kamar Cape Town ba inda ruwan ke sa haƙora kaɗawa. A Yuni da Yuli ne kuma ƙananan kifayen sadin suke hauro gaɓar kudu tuli-tuli, tsuntsaye na faɗa musu daga sama, manyan kifaye na bin su ta ƙasa, mutane na shiga da raga da bokiti. Ba kowace shekara suke yawa ba, don haka kada ka sa rai har ka ce na yi maka alkawari.

Duk baƙon da ya sauka, bakin teku ake fara kai shi, wurin da suke kira Golden Mile. Hanyar ƙafa ce shimfiɗaɗɗiya, ta tashi daga bakin tashar jiragen ruwa har inda kogin Umgeni ya faɗa teku, otal-otal a hannu ɗaya, rairayi a ɗayan. Shawarata ka je bayan sallar asuba. A lokacin ne za ka ga garin da gaske: samari na hawan igiyar ruwa a kan allo, tsofaffin Indiyawa na jefa ƙugiya, mabiya wasu coci-coci cikin fararen riguna sun shiga ruwa har ƙugu suna addu'a, mata na cika jarkoki da ruwan teku su kai gida don magani. In rana ta ɗaga sai masu sassaƙa rairayi su fito, da Zulu masu jan keken ɗaukar mutane, sun sha ado da duwatsun wuya da hula mai ƙahoni. Yanzu kusan don hoto ake hawa, kuma ka yi ciniki kafin ka ɗaga waya. In za ka shiga ruwa, ko da yake ban taɓa ganin ka shiga wanda ya wuce gwiwa ba, ka tsaya tsakanin tutocin masu ceto. Akwai raga da ake kafawa can ciki saboda kifin shak, amma igiyar da ke jan mutum ta ƙasa ta fi shi ɗaukar rai.

Abin da hoto ba zai nuna maka ba shi ne, har zuwa ƙarshen shekarun 1980 mafi kyawun rairayin nan na farar fata ne kaɗai, da allo a kafe an rubuta. Wani dattijo da muke sallah tare ya nuna min inda iyakarsu take a da. Shi ya sa ranar 26 ga Disamba da ranar sabuwar shekara, idan mutanen unguwannin bayan gari suka yi dafifi har ba masaka tsinke, ba na ganin laifinsu ko kaɗan.

A ƙarshen hanyar ta kudu akwai uShaka Marine World, wanda aka buɗe a 2004. An gina gidan kifayen kamar tsohon jirgin ruwa da ya nutse, kana sauka cikinsa kana ganin shak da kunkurun teku ta bayan gilashi. Yana da kyau, yana da tsada, kuma da da yara za ka zo da na matsa maka. Kai kaɗai, rabin yini ya isa.

Ni abin da na fi so ka gani shi ne gulbin da garin ya kewaye, inda teku ya shigo cikin ƙasa ya kwanta lumui a bayan wani dogon tudu mai suna Bluff. Ana shiga ƙaramin jirgi daga Wilson's Wharf a zaga da kai, ka wuce ta gindin jiragen kwantena waɗanda sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi kafin ka ga samansu. Wannan ce tashar da ta fi kowace hada-hada a ƙasar, kayan Johannesburg da na maƙwabta irin su Zimbabuwe da Zambiya da yawa ta nan suke bi. Kuma duk wanda za ka gani a titin garin nan, in ka bi salsalarsa, ruwan nan yana ciki. Vasco da Gama ya wuce gaɓar a lokacin Kirsimetin 1497. 'Yan kasuwar Ingila suka zauna a 1824, zamanin sarki Shaka, a 1835 suka sa wa wurin sunan gwamnan Cape, Benjamin D'Urban. Da suka fara noman rake suka rasa ma'aikata, sai suka juya Indiya: a 1860 jirgin Truro ya sauke rukunin farko na 'yan ƙwadago, 'yan kasuwar Gujarat suka biyo baya da kuɗinsu. A 1873 kuma aka sauke wasu bayi da aka ƙwato daga jiragen fatake a tekun gabashin Afirka, da yawansu Musulmi ne, suka zauna a Bluff har gwamnatin wariya ta tashe su zuwa Chatsworth. Jikokinsu na nan, ana ce musu 'yan Zanzibar.

To, in ka fahimci wannan, sai mu shiga cikin gari, inda masu kai baƙi yawo ba su cika son zuwa ba. Titin Grey, wanda yanzu ake kira Dr Yusuf Dadoo, nan ne babban masallacin Juma'a, wanda aka fara a farkon shekarun 1880, yana ɗaukar dubban masallata. Shaguna ne suka kewaye shi, har za ka iya wuce ƙofar ba ka lura ba. Kana shiga hayaniyar taksi ta yanke, ga wurin alwala mai sanyi. Taku kaɗan daga nan babban cocin Katolika na Emmanuel yake. Kuma ka tuna kaset-kaset ɗin muhawarar Ahmed Deedat da muke kallo a ɗakin yayanka har dare ya raba? A unguwar nan cibiyarsa take, a masallacin nan ya riƙa zagayawa da baƙi yana yi musu bayanin Musulunci. Ya rasu a 2005, Allah ya jiƙansa.

Daga masallaci mu faɗa kasuwar titin Victoria, inda ƙamshin kori da turaren wuta zai tare ka tun daga ƙofa, garin yaji ja da rawaya an tula shi a kwanoni. Gaba kaɗan akwai Warwick, wadda ta fi tuna min da kasuwar Kurmi: masu saiwoyi da sassaƙe da fatun dabbobi a kan gada, mata na dafa kan sa a manyan tukwane. Abincin rana kuwa bunny chow za ka ci. Burodi ake yankowa kwata ko rabi, a ƙwaƙule cikinsa, a cika da miyar kori ta naman rago ko wake, a ɗora ƙwaƙulen a kai. Da hannu ake ci, mai neman cokali dariya ake masa. Naman halal ba wuya a garin nan, takardar shaida na manne a ƙofar wuraren cin abinci da yawa.

Ka ware yini guda don Inanda, arewa da gari. A can Gandhi ya kafa matsugunin Phoenix a 1904, inda yake buga jaridarsa Indian Opinion. An ƙone wurin a tarzomar 1985, daga baya aka sake gina shi. Kusa da shi akwai makarantar Ohlange ta John Dube, shugaban farko na ƙungiyar da ta zama ANC. A nan Mandela ya zaɓa ya jefa ƙuri'arsa ta farko ranar 27 ga Afrilu, 1994, kabarin Dube na nan gefe. Wurin ba shi da wani ƙyale-ƙyale, gidajen talakawa ne kewaye da shi a kan tuddai, amma ni ya fi min otal-otal ɗin bakin teku gaba ɗayansu.

Filin wasa na Moses Mabhida ba sai na tallata maka ba. Nan ne mu 'yan Najeriya muka yi 2-2 da Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2010, ranar da Yakubu ya zubar da ƙwallon nan a bakin raga, ka ƙi cin tuwon dare. Nan ne kuma muka lallasa Mali 4-1 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2013, Ahmed Musa ya ci ta huɗu. Za mu je ka yi hoto a ƙarƙashin bakan da ya ratsa samansa. In lokaci ya rage, akwai lambun itatuwa da aka kafa a 1849, inda za ka ga wani tsiro mai kama da dabino wanda aka samo a dajin Ngoye a 1895. Namiji ne, ba a taɓa samun macensa ba, don haka duk irinsa da ke duniya daga jikinsa aka ɓallo.

Maganar tsaro, ba zan ɓoye maka ba. Kada ka riƙe waya a hannu a tsakiyar gari, kada ka yi yawon ƙafa bayan magariba, bakin teku ma ka tsaya inda mutane suke. In an yi ruwa mai yawa ka tambaya kafin ka shiga teku, don tun ambaliyar Afrilun 2022, wadda ta ci rayuka sama da 400 ta kuma lalata bututun ƙazanta, akan rufe wasu wuraren wankan lokaci-lokaci.

Kada ka manta katin rigakafin shawara, za su tambaye ka a filin jirgi. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne zagayayyu, cajarka ba za ta shiga ba, amma ina da abin haɗawa, ba sai ka saya ba. Kilishi kuma, duk da raina na so, bar shi a gida, ba sa barin nama ya shigo. Filin jirgin King Shaka yana da ɗan nisa da gari, sai ka turo min ranar saukarka da lambar jirgi in zo in ɗauke ka. In wuri ya ragu a jaka, hula zanna guda biyu nake so, ka san girman kaina.

Ka gaida mutanen majalisa duka. Allah ya kawo ka lafiya.

Wassalam,
Naka, amininka Bakano