Zuwa ga Baba, daga Atlanta

Atlanta, 12 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara duka. Mu nan sai godiya, sanyi ne kawai. Shekaranjiya har ƙanƙara ta zuba ta rufe tituna, abin da ba kasafai ake gani a garin nan ba, dole na ajiye mota ban fita aiki ba.

Na san kun ji a rediyo cewa tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya mutu ranar 29 ga Disamba yana da shekara 100 cif. To Baba, na je na tsaya a gaban akwatin gawarsa, kuma saboda ku na je. An ajiye shi a cibiyarsa da ke nan Atlanta daga ranar 4 zuwa safiyar 7 ga wata, ƙofa a buɗe dare da rana. Bayan na tashi aiki daren Lahadi na shiga layi, ina ta rawar ɗari, ba abin da ke zuwa mini a rai sai ƙafarku ta hagu.

Kun tuna daminar da kurkunu ya kwantar da ku? Ni ina ƙarami amma ban manta ba. Inna na naɗe tsutsar nan a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan, tana tsoron kada ta tsinke a ciki, ku kuwa kuna cije leɓe. Gero ya yi ciyawa har sai da Kawu ya tara gayya. A lokacin cewa ake yi jifa ne. Sai daga baya masu riga ɗaya suka zo da ƙyallen tace ruwa, suka ce daga tafki muke shan ƙwayayenta, ta yi shekara a jiki kafin ta ɓullo, kuma mai ciwon in ya tsoma ƙafa a ruwa don ya ji sanyi, sabon iri ya zuba wa gari. Ashe cibiyar wannan tsoho ce ke bayan aikin, shi ne kuma ya jawo Janar Gowon ya riƙa bin ƙauyuka yana lallashin masu gari. Da suka fara a 1986 ana ƙiyasin mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a duniya. A Nijeriya kaɗai an ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. A 2013 aka ba mu shaidar rabuwa da cutar, mu da Nijar, a 2023 kuma mutum 14 kacal aka samu a duk duniya. Babu allura, babu ƙwaya, tacewa ce da sa ido. Ya taɓa cewa burinsa tsutsa ta ƙarshe ta riga shi mutuwa. Saura ƙiris.

Abin da ban sani ba sai a layin nan, wani dattijo sanye da hular tsofaffin sojan ruwa ya ba ni labari, na dawo gida na bincika na tarar haka ne. Asalinsa injiniya ne. Ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1946, ya yi aiki a jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku, sannan aka ɗauke shi sashen makamashin nukiliya. A ƙarshen 1952 wata tukunyar nukiliya ta lalace a Chalk River ta ƙasar Kanada, aka tura shi da yaransa su taya kwance ta. Saboda gubar wurin, daƙiƙa 90 kawai aka yarda mutum ya yi a ciki. Sai suka gina kwatankwacinta a waje, kowa ya yi ta maimaita kwance ƙusarsa har ya haddace, sannan ya ruga ciki ya kwance ya fito. Da na ji haka sai na gane yadda ya ɓullo wa kurkunu: a gano inda abu ke yoyo, a toshe, kowa da ƙusarsa.

A 1953 mahaifinsa ya mutu, ya tuɓe kaki ya koma ƙauyensu Plains noman gyaɗa. Gyaɗa dai irin tamu, Baba. Garin ko mutum dubu bai kai ba, gidan da ya tashi a ciki kuma babu wuta babu famfo. Mulkinsa na shekara huɗu mutanen nan ba su cika yabonsa ba, ga tsadar kaya, ga Amurkawan da aka tsare a Iran kwana 444, Reagan ya kayar da shi a 1980. Ya zo Legas a 1978 zamanin Obasanjo, amma gadar Carter ɗin can ba tasa ba ce, sunan wani gwamnan Turawa ne, ku gaya wa Kawu ya daina musu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayan saukarsa. Ya koma gidan nan nasa da ya gina tun 1961, duk Lahadi yana karantar da Littafi Mai Tsarki a ƙaramar majami'arsu, faranten katakon da ake karɓar baiko ma shi ya sassaƙa su. Ya haura 90 yana riƙe guduma yana gina wa marasa galihu gidaje. Matarsa guda, shekara 77 suna tare, ta riga shi a 2023. Ku faɗa mini tsohon shugaba nawa kuka sani da ya koma ɗakinsa na da.

Da na iso gaban akwatin, sojoji na tsaye ba motsi, sai bakina ya rasa abin faɗa. Kirista ne na gaske, ya rayu a kan addininsa ya mutu a kai, ni kuwa na san tarbiyyar da kuka yi mana. Na dai ce na gode a zuciyata, na yi wa iyalansa fatan haƙuri, na wuce. In kun haɗu da Malam ku tambaye shi ko na yi daidai.

Inna ta ce burtsatsen bakin masallaci ya lalace tun kaka, mata sun koma tafki. Wannan ya hana ni barci. Na turo kuɗi ta hannun Yaya, a kira mai gyara cikin makon nan, in bai isa ba a faɗa mini. Kafin nan don Allah a riƙa tace ruwan, ko da ɗankwali mai tsabta ne.

A gaida Inna da Kawu. Inna ta haɗo mini kuka da daddawa in an sami mai zuwa.

Ɗanku