Wasiƙa zuwa ga ɗiyata da ta koma asibiti bayan digirin bincike

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na kwana ina juya maganar da kika yi mini ta waya, cewa ranar da kika koma zagayen duba marasa lafiya a makarantarku ta koyon likitanci a Amurka kin tsaya a bakin gado da takarda a hannu, babban likita ya tambaye ki maganin da ake fara ba mai ciwon huhu, sai ya ɓace miki, wani ɗalibi da kika girma ya amsa. Hakan kan faru ga wadda ta shafe shekara huɗu a ɗakin gwaje-gwaje, amma kada ki ɗauki abin da sauƙi.

Tun daga Janairun 2022 jarrabawar Step 1, wato matakin farko na jarrabawar samun lasisin aikin likita a Amurka, ta daina fitar da maki, sai dai a ce mutum ya ci ko ya faɗi. Shi ya sa asibitocin da ke ɗaukar likitoci horon ƙwarewa suka ƙara zuba ido a kan makin Step 2 CK, wato mataki na biyu da ke gwada ilimin duba marasa lafiya, da sakamakon zagayen sassan asibiti, wanda makarantarku za ta zayyana a wasiƙar shugaban tsangaya, har da kalaman likitocin da kika yi aiki a ƙarƙashinsu.

Na san shirye-shiryen horar da likita mai bincike suna girmama binciken da kika wallafa da shaidar malaminki, kuma matsakaicin sakamako a sashe ɗaya ba zai rufe miki ƙofa ba. Sai dai ki lura da wani abu: hanyar bincike ta hukumar ABIM, mai ba likitocin cututtukan cikin jiki shaidar ƙwarewa a Amurka, tana rage horon cututtukan cikin jiki daga shekara uku zuwa biyu, kuma wanda zai rage miki shekara guda a bakin gadon maras lafiya dole ya nemi tabbacin cewa hannunki ya faɗa tun a makaranta. Saboda haka zagayen sashen cututtukan cikin jiki ne ya fi kowane nauyi a wurinki. Idan da hali, ki roƙi a jinkirta miki shi har ki sake sabawa da asibiti, ki kuma ajiye rubuce-rubucen da suka rage miki sai kin gama shi.

Sa'ad da za ki jera wa NRMP, hukumar da ke haɗa sababbin likitoci da asibitocin da za su horar da su, zaɓinki, ki jera asibitocin bisa abin da ranki yake so, domin tsarin yana farawa ne daga zaɓin mai nema. Mahaifiyarki tana gaishe ki, kuma muna nan muna addu'a har Juma'a ta uku ta watan Maris da za ki buɗe ambulan ɗin wasiƙar da za ta sanar da ke asibitin da aka haɗa ki da shi.

Mahaifinki.